Tafiya Farasan da yara: abin da za ku gani, da abin da za ku kiyaye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu mazauna Jidda ne. Maigida yana so ya kai mu tsibirin Farasan idan an yi hutun makaranta, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. An ce ruwan akwai kifin shak, ga yarana ba su iya iyo ba. Me ake zuwa gani a can, kuma akwai haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ki bar maigida ya kai ku. Aikina ke nan, kai baƙi cikin ruwa da koya musu nutso a gaɓar Jizan, kuma shak ba ya cikin abubuwan da ke hana ni barci. Yana cikin Bahar Maliya, amma da wuya ya taɓa mutum a inda yaro zai tsaya ruwa iya gwiwa.

Daga Jidda zuwa Jizan kimanin kilomita 700 ne ta mota. A tashar jiragen ruwa ta Jizan za ku hau abbara zuwa Farasan, babban jirgin fito da ke ɗaukar mutane har da motocinsu, cikin awa ɗaya da 'yan kai kun sauka. Kyauta ne, sai dai a yi rajistar wuri da wuri, musamman na mota, kowa kuma ya riƙe iƙamarsa. Duk dillalin da ya tare ku ya ce zai sayar muku da tikiti, ku ce masa Allah ya ba da sa'a, ku wuce.

A cikin garin Farasan ku fara da gidan Rifa'i, na wani attajirin fataken lu'ulu'u, wanda aka gina a 1341 bayan Hijira da duwatsun murjani, aka bi bangonsa da zanen farar ƙasa tun daga ƙofa har sama. Kusa da shi akwai masallacin Najdi na 1347. Sai tsohon ƙauyen Ƙassar da dabinansa, da ganuwar sojojin Usmaniyya a kan tudu. Da sassafe, in da rabo, za ku ga barewar tsibirin, kuma an hana taɓa ta. Ku ɗauki kwalekwale mai lasisi ya ratsa da ku dajin Ƙandal, inda itatuwa ke tsiro a cikin ruwan gishiri; kowane yaro da rigar ceto a jikinsa, ba a hannun uwarsa ba. Bikin kamun kifin harid kuwa wajajen Afrilu ake yi, ba lalle ya dace da hutunku ba.

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauki tambayarki. Haɗarin yana bakin gaɓa, inda kowa ke sakin jiki. Akwai kifin da ake kira kifin dutse. Yana kwance shiru tsakanin duwatsu, launinsa da na gansakuka ba su da maraba, ba ya gudu in an matso, a gadon bayansa kuma akwai ƙayoyi 13 masu dafi. Yaro ya cire silifas ya shiga da ƙafa tsirara, ya taka, sai ihu. Zafinsa yakan sa ƙato ya suma, ƙafar ta kumbura nan take.

Abin da mutanenmu ke yi daga nan shi ke ɓata min rai kullum. Nan da nan wani zai cire rawani ko igiyar wando ya ɗaure ƙafar tamau, wani ya zaro reza ya tsaga, wani ya sa baki ya tsotsa, wani ya ruga mota ya ɗebo fetur. Ba a rasa mai cewa a yi wa wurin fitsari, wai ya gani a WhatsApp. Sai kuma wani dattijo ya fito da baƙin dutsen nan na saran maciji daga aljihu, a tsaya ana jira ya manne. Hajiya, ko a saran macijin ma likitoci sun daɗe da hana ɗauri da tsaga, balle nan. Ɗaurin yana tare jini, ya tara dafin wuri guda ya ci naman. Tsagar tana buɗe wa ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan teku hanya. Tsotsar ba ta fitar da komai. Na ga ƙafar wani saurayi da aka kawo gaɓa an ɗaure ta da wayar caja, yatsun sun yi baƙi, masu ɗaurin kuma suna ta yabon kansu wai sun tsare dafin. Aikin da ɗaurin ya yi ya fi na kifin muni.

Abin yi ba wuya. A fito da shi daga ruwa, a wanke wurin, a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi daidai yadda babba zai iya jure hannunsa a ciki, kada ya wuce digiri 45, na minti 30 zuwa 90, ana ƙara zafin in ya huce. Ruwan fulas ɗin shayinku ya isa, a sirka shi tukuna. Wanda ƙayar ta soka ba ya iya tantance zafi, sai a ƙona shi a banza. Ana cikin haka a kira 997, motar asibiti, ko 994 na masu gadin iyaka in kuna cikin teku. Ko zafin ya lafa a je babban asibitin Farasan, don guntun ƙaya yakan karye a ciki, ga kuma allurar tetanus. Addu'a kam a yi ta, bakin mutum na tofi hannunsa na zuba ruwa, babu wanda ya hana ɗaya saboda ɗaya.

Ki kuma gargaɗi yaran kan ƙodon nan mai tsini da zane mai kyau. In mai rai ne yana harbi, dafinsa kuma ba shi da makari, don haka kada a ɗauka, kada a sa a aljihu. Kafin ku bar Jidda ki saya wa kowa takalmin ruwa mai kaurin tafi, har da maigida, ki koya musu jan ƙafa a ƙasa in suna tafiya cikin ruwa maimakon ɗagawa. Ku nemi gaɓa mai rairayi, ku kauce wa wurin duwatsu.