Masu duba cibiyar koyar da sana'a na tafe: aron injin walda da sauran tarkuna

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina da cibiyar koyar da walda da wayarin da haɗa sola a Zariya, shekara uku ke nan. Na yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ɗalibaina 46. Bara na buga takardar talla cewa duk wanda ya gama zai samu "shaidar da gwamnati ta amince da ita", na kuma karɓi kuɗin zango biyu. Yanzu na nemi shiga tsarin NSQ, wato tsarin ba da shaidar ƙwarewar sana'a na ƙasa, an ce za a turo masu dubawa. Injin waldana uku ne kacal, wani abokina ya ce zai ara mini biyar na kwana biyu. Akwai laifi a ciki? In kuma aka ƙi ni, zan iya kai ƙara?

Amsa: Malam, injin walda ne ya hana ka barci, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Takardar tallar nan ta bara ta fi komai haɗari, don haka da ita za mu fara.

Satifiket ɗin CAC shaida ce cewa kasuwancinka yana da suna a idon doka, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Nan ya tsaya. Bai ba ka ikon ba da shaidar ƙwarewa ta ƙasa ba. Wannan hurumin Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa ne, wato NBTE, wadda aka kafa a 1977, hedikwatarta kuma tana Kaduna. Dokar mafi ƙarancin ma'aunin ilimi ta 1985, da gyaran da aka yi mata a 1993, ita ta ƙarfafa ikonta na gindaya ma'auni da tantance shirye-shiryen koyarwa. A tsarin NSQ ma, ko an amince da cibiyarka, ba kai za ka buga satifiket ba. Kai za ka koyar ka auna, sannan hukumar ba da shaida, irin su NABTEB mai shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci, ta tabbatar da aikin ta fitar da takardar.

To ka ga mutumin da ya karɓi kuɗi a kan alkawarin shaidar gwamnati alhali ba shi da izini, ya buɗe wa kansa ƙofa biyu. Ta farko, uban ɗalibi zai iya neman kuɗinsa a kotu saboda saɓa yarjejeniya, ko ya kai koke hukumar kare haƙƙin masu saye. Ta biyu ta fi muni: dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, ba zaɓin tara, ga wanda ya karɓi dukiya ta hanyar ƙarya da nufin zamba. Sai an tabbatar da wannan nufin kafin a kama ka da laifi, kuma neman rajistar da ka yi hujja ce mai taimakonka. Amma kada ka jira a kai can. Ka janye tallar yau, har wadda ke Facebook da jikin allon ƙofa. Ka rubuta wa iyaye wasiƙa mai kwanan wata, ka faɗa musu rajista tana hanya, ba ta kammala ba, ka ba su zaɓi: su ci gaba da saninsu, ko a mayar musu da kuɗin abin da ba a koyar ba. Kowa ya sa hannu, ka adana kwafi.

Yanzu batun aro. Haya ba laifi ba ce. In ka yi yarjejeniya a rubuce da mai injin, ta shekara ɗaya ko biyu, da lambar kowane inji a jiki, ka kuma nuna wa masu dubawa takardar, ka fita. Abin da abokinka ya kawo daban ne: kayan kwana biyu da za a gabatar a matsayin naka. Wannan bayanin ƙarya ne ga hukuma, kuma izinin da aka samu ta haka ana iya janye shi duk ranar da asiri ya tonu. In har aka haɗa da rasit na bogi, an shiga laifin ƙirƙirar takardu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kuma tonuwar ba ta da wuya. Mai dubawa da ya san aikinsa zai ɗauki rajistar kayanka ya sunkuya ya karanta lambar da ke bayan inji. Zai duba ko an kafe injin a ƙasa, ko akwai soket da waya mai kaurin da zai ɗauke shi, ko janaretanka zai iya tayar da injuna takwas a lokaci guda. Zai kira yaro ɗaya gefe ya ce, "A wane inji ka yi aiki makon jiya?" Yaro kuwa gaskiya zai faɗa. Bango ma yana ba da shaida: inda ake walda kullum akwai baƙin hayaƙi da ƙurar ƙarfe, inda aka ajiye baƙon inji jiya fes yake.

Mafita mai sauƙi ita ce ka daidaita ɗalibai da kayan da kake da su. Ka raba masu walda rukuni-rukuni, safe da yamma, ka rubuta jadawalin ka manna shi, ka nemi izinin adadin da injuna uku za su ɗauka. Ko ka fara neman izinin sana'ar da ka fi cika kaya a kanta, ƙila wayarin, walda ta biyo baya. Izini ana ba da shi ne sana'a-sana'a, samun na ɗaya ba ya nufin ka samu na sauran.

Abin da ya fi kayar da cibiyoyi ma ba inji ba ne, mutane ne da fayil. Tsarin NSQ yana tafiya ne a kan ma'aunin sana'a na ƙasa, wanda ya fasa kowace sana'a zuwa ƙananan sassa. Kowane ɗalibi sai an buɗe masa fayil ɗin hujja: rahoton mai aunawa da ya tsaya a kansa yana aiki, tambayoyin da aka yi masa da amsoshinsa, hoton abin da ya ƙera, sa hannu da kwanan wata. Mai aunawar nan dole ya kasance da shaidar horon aunawa, gwanintar walda kaɗai ba ta isa ba. Bayansa akwai mai tabbatarwa na cikin gida da ke ɗaukar samfurin fayiloli ya bincika, sannan na waje daga hukumar ba da shaida. Mutum ɗaya ba zai auna ɗalibi kuma ya tabbatar da aunawar kansa ba. Kuma fayil 46 da aka cika dare ɗaya, da biro ɗaya, da jimla iri ɗaya, ana gane su daga shafi na uku.

Haka malamai. Sunan injiniyan da ke aiki a wani gari, aka ari takardunsa aka sa a jeri, yana faɗuwa da zarar an nemi takardar ɗaukarsa aiki, rajistar zuwa aiki da shaidar biyan albashi ta banki. Dokar ƙwadago ta riga ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, saboda haka wannan gyara ne da ya kamata a yi ko ba mai dubawa.

Sauran ka tanada a jaka ɗaya: takardar mallakar fili ko yarjejeniyar haya mai tsawo da aka buga mata hatimin haraji, izinin gini, tukwanen kashe gobara da ba su wuce wa'adi ba, gilashin walda da safar hannu daidai yawan masu aiki, akwatin taimakon gaggawa, banɗakin maza da na mata. Ka karɓi takardar ƙa'idoji ta bana daga hukumar, ka bi ta layi-layi. Duk kuɗin hukuma ka biya ta hanyar da hukumar ta tsara ka riƙe rasit. Ambulan ɗin "na goro" kuwa, dokar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta 2000 ta sa wa mai bayarwa ɗaurin shekara 7, daidai da mai karɓa.

In sakamako bai yi daɗi ba, ka nemi rahoton a rubuce. In an yi jinkiri, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka shigar a rubuce. Ka amsa kowane gibi da hujjarsa, rasit ga inji, satifiket ga malami, ka nemi a sake zuwa. A ganina wannan ya fi kotu sauri da araha nesa ba kusa ba.

Kotu tana nan, amma ka san iyakarta. Tunda hukumar ta tarayya ce, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi bisa sashe na 251 na tsarin mulkin 1999, kuma sai ka fara neman izininta kafin ta duba hukuncin hukuma. Alƙali ba zai ƙirga maka injuna ya ce uku sun isa ba. Zai duba ne ko hukumar ta wuce ikonta, ko ta saɓa ƙa'idarta, ko ta yanke hukunci ba tare da ta saurare ka ba. Ko ka yi nasara, yawanci umarnin shi ne a sake duba ka bisa ƙa'ida. Wa'adin shigar da irin wannan ƙara wata uku ne, kuma wasiƙun roƙo da kake aika wa hukuma ba sa tsayar da ƙirgar. Ranar da takardar ƙi ta iso hannunka, ka rubuta kwanan wata a bayanta, ka kai wa lauya a cikin makon, ko da niyyarka gyara ce kawai.