Tambayi Likitan Dabbobi: Kula da Tsohon Kare

Tambaya: Likita, ni mafarauci ne a Wusasa. Karena ya kai shekara 9, da safe da ƙyar yake miƙewa, kuma ya daina bin 'yan'uwansa daji. In ɗaure shi ya huta?

Amsa: Malam, kada ka ɗaure shi. Kare mai girman jiki tun daga shekara 7 ake lissafa shi cikin tsofaffi, kuma alamun da ka faɗa sun fi kama da ciwon gaɓoɓi. Idan ya zauna wuri ɗaya naman cinyarsa zai zube, gaɓar ta rasa abin da ke tallafe ta, ciwon ya ƙaru. Farauta kam ta ƙare masa, amma tafiya dole ce kullum: minti 10 zuwa 15 bayan asuba, sannan a maimaita gab da magariba, a kan ƙasa mai laushi, shi ke gaba kana binsa. In ka ga washegari yana ɗingishi, tafiyar ta yi yawa, a rage rabi. Doguwar tafiya sau ɗaya a mako ita ce ta fi yi masa illa.

A Maris da Afrilu kada a fitar da shi da rana. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sauke zafi, tsoho kuwa saurin galabaita gare shi. Da hunturu a shimfiɗa masa buhuna ko tsohuwar katifa inda iska ba ta bugawa, domin kwana a kan siminti na ƙara sandarar da gaɓoɓi.

Tambaya: Zan iya ba karena diclofenac, maganin ciwon jiki da nake sha? Daga wani mai gadi a Sabon Gari.

Amsa: A'a, Malam. Diclofenac da ibuprofen suna gyambace cikin kare, su lalata ƙoda, paracetamol kuma hanta yake taɓawa. Akwai maganin ciwo na karnuka, amma sai an auna nauyinsa an duba ƙodarsa tukuna.

Tambaya: Karyarmu mai shekara 10 ta koma yawan shan ruwa da fitsari. Tsufa ne? Daga wata uwargida a Samaru.

Amsa: Hajiya, tsufa kaɗai ba ya kawo haka. Ki auna abin da take sha a kwana ɗaya. Kare mai kilo 20 yakan sha wajen lita ɗaya. In mai wannan nauyi ya haura lita 2 akwai matsala, ko ƙoda ko ciwon suga. In kuma ba a cire mata mahaifa ba, ana tsoron ruɓar mahaifa, wadda kan biyo bayan lokacin barbara da 'yan makonni, kuma tana kisa in aka yi jinkiri. Kada ki rage mata ruwa. Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da ke, ki kai ta a gwada jini da fitsari. In ta fara amai ko ta ƙi cin abinci, a ranar za a kai ta.