Amsa ga ɗan uwan da giyabos ɗin motarsa ya tsaya: kar ka bari a kwance shi tukuna

Salamu alaikum jama'a. Ɗan uwa na ga tambayarka tun jiya da dare, ka ce motar sport ce ka saya wata takwas da suka wuce, yanzu tana fizga in za ta tashi, daga giya ta biyu ta ƙi shiga ta uku, wuta ta kama a dashbod, kuma kana tsoron wanda ya sayar maka ya ce garanti bai hau ba. Allah ya kiyaye gaba. Ni wannan abin ya taɓa cina shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ka yi haƙuri da tsawon.

Abu na farko tun kafin komai, ajiye motar. Kar ka ƙara tuƙa ta, kuma don Allah kar ka bari wani bakanike ya sa mata sifana ko da kuwa aminin babanka ne. Ni a nan na yi asara. Tawa daga Duwala na ɗauko ta da garanti a hannu, ina dawowa daga Ngaundere zuwa Garwa cikin watan azumi da rana tsaka, a gangaren dutsen nan da ake ce wa falez kafin Mbe sai na ji ta yi gaf kamar an doke ta daga baya, ta maƙale a giya ɗaya, ka taka mai inji na ihu mota ba ta tafiya. Aka jawo ni da igiya har gareji, wanda shi kansa kuskure ne, irin waɗannan motocin ɗora su ake a bayan babbar mota don in injin a kashe yake famfon mai ba ya juyawa, ƙarafa na cin juna a bushe. Mai garejin mutumin kirki ne wallahi, ya sauke farantin ƙasa, ya dangwali man da yatsa ya shinshina ya ce ya ƙone, ya zuba mini jan man otomatik na Corolla ya ce in je Allah ya tsare. Da na kai maganar wurin waɗanda suka sayar mini ko gardama ba su yi da ni ba, yaron ya haska tocila ya nuna mini kan notocin da sifana ta cinye da silikon ja da aka shafa a bakin farantin, ya ce Alhaji an riga an buɗe. Shi kenan magana ta mutu.

Ka gane, yawancin motocin sport na yanzu bwat ɗinsu, wato giyabos, ba irin otomatik ɗin da bakanikenmu suka saba ba ne. Kuloci biyu gare shi, ɗaya na riƙe da giya 1, 3, 5, ɗayan na riƙe da 2, 4, 6, kwamfuta ce ke sakin wannan ta kama wancan, shi ya sa suke canja giya kamar ƙiftawar ido. Volkswagen na ce wa nasu DSG, Porsche na ce wa nasu PDK. Akwai mai kuloci a cikin mai akwai busasshe, kuma kowanne da irin mansa, mai giya shida na DSG ɗin nan da ke cikin mai duk kilomita 60,000 ake masa juye, wato canjin mai, har da filta. To a saman duk wannan akwai wani akwati da ake kira mekatronik, shi ne ƙwaƙwalwar, kuma sau da yawa shi ke mutuwa ba haƙoran giya ba. Abin da ka kwatanta na fizga da maƙalewa ya fi kama da shi ko kulocin, kuma maƙalewar nan motar ce da kanta ke kare kanta in ta ji zafi ko matsin mai ya faɗi. Zafin Garwa kuwa a watan Maris da Afrilu ya wuce 40, ga rarrafe a bayan 'yan mashin kana saki kana kamawa, ba abin da irin wannan bwat ya tsana kamar haka. A 2013 ma sai da Volkswagen ya kira motoci sama da miliyan ɗaya masu DSG mai giya bakwai aka canja musu irin man, saboda a ƙasashe masu zafi yana jawo matsalar lantarki a ciki.

Yanzu maganar garanti. Ba ka faɗa mana inda ka saye ta ba, kuma a nan ne komai yake. In sabuwa ce daga dilan kamfani na nan Kamaru to kana da ƙafar tsayawa. In kuwa daga Dubai ko Amurka ko Kwatano aka shigo da ita, sau da yawa garantin kamfani ba ya tsallako ruwa tare da ita, abin da ya rage maka sai takardar da kuka yi da mai sayarwa, in "garanti" ɗin na baki ne aka tafa hannu to Allah ya ba da haƙuri. Ɗauko takardar ka karanta da kanka, ka duba wata nawa ne, kilomita nawa ne, an ambaci bwat ko inji kaɗai, sannan ka duba inda suka rubuta kayan da ke cinyewa, don a nan suke ɓoye kuloci su ce ai kamar birki ne, tuƙinka ne ya cinye shi.

Kuma ka faɗa wa kanka gaskiya tun kafin su faɗa maka, ka taɓa sa wani ya taɓa kwamfutar injin don ƙarin ƙarfi? Kana yawan tashin nan na tsere da ake danne birki da totur tare a saki? Motar tana rubuta duk wannan, ba ta mantuwa. Lokacin da Nissan GT-R ta shiga Amurka a 2008 rigimar da aka yi kenan, masu ita suna kashe na'urar hana santsi don su yi wannan tashin, giyabos na fashewa, kamfani ya ce littafin mota ya hana kashe ta in ba ka kafe a taɓo ko ƙanƙara ba, abin har kotu. Na san yaranmu da titin filin jirgi da daddare, ban ce kai ne ba fa.

Abin da zan yi da ni ne kai, in ɗauki bidiyon dashbod da wutar a kunne da kilomita a bayyane. In sa a jona mata na'urar gwaji a karanta lambobin matsalar a ɗauki hoto, amma a gaya wa yaron da babbar murya kar ya goge, don hannunsu na saurin zuwa wurin gogewa, in ka ga P0700 wannan yana cewa ne kawai kwamfutar giya na da ƙorafi, ainihin lambar tana cikinta. In tattara duk faktir, wato rasit, na juye. Sannan in rubuta wasiƙa da Faransanci mai kwanan wata in kai wa waɗanda suka sayar da motar su buga hatimi a kwafin da zan riƙe, ban da kiran waya, ni kira goma sha na yi babu ɗaya da ya zama shaida. In sun fara yi maka gobe jibi ka nemi wisiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaidar abin da ya gani, ya rubuta halin da motar ke ciki, akwai dokar kare mai saye ta 2011 kuma akwai maganar ɓoyayyen aibi a dokar ciniki, ganin takardar wisiye kaɗai na sa murya ta sauka. Ko sun ƙi biya duka ka nemi a raba, su kawo kaya kai ka biya aiki.

Tawa a ƙarshe mekatronik ne kawai, haƙoran lafiyarsu lau, amma saboda jan man nan sai da aka wanke bwat ɗin sau biyu aka canja kulocin, wata huɗu tana kwance ƙarƙashin darbejiya a Yawunde ina hawa mashin zuwa kasuwa ana min dariya. Turo mana shekarar motar da inda ka saye ta da hoton takardar garantin, ka rufe sunanka da lambar shasi, sai mu duba tare.