Ku Tambaya, Mu Amsa: Neman NCE da Shiga Aikin Malanta

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan karatun malanta suka zo. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su saboda wuri.

Assalamu alaikum. Na gama sakandare, ina da kiredit shida har da Turanci da Lissafi, amma maki 148 na ci a JAMB, jami'a ba ta ɗauke ni ba. Yayana ya ce in koma NCE. Ta ina zan fara? Kuma ba ɓata lokaci ba ne?
*Wani matashi daga Tudun Wada, Kaduna*

Wa'alaikumus salam. Makinka ya isa, domin a shekarun 2023 zuwa 2025 maki 100 JAMB ta tsayar a matsayin mafi ƙaranci ga kwalejojin ilimi, ko da yake kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata. A jihar nan akwai Kwalejin Ilimi ta Jiha da ke Gidan Waya kusa da Kafanchan, akwai kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE) Zariya wadda yanzu aka ɗaga ta ta koma jami'ar ilimi ta tarayya. Idan ka hango wata kwaleji mai zaman kanta, kafin ka biya ko kwabo ka duba sunanta a jerin da NCCE, hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, ta amince da su, ka kuma tabbatar kwas ɗin da kake so shi ma yana ciki. Makaranta kan samu amincewa amma wani kwas nata bai samu ba.

Abin da za ka fara yi shi ne ka je cibiyar jarrabawa ta kwamfuta (CBT) da JAMB ta yarda da ita, ba kowane shagon intanet ba, ka canza zaɓin makaranta ka mai da kwalejin zaɓinka na farko. A nan take ka sa su ɗora sakamakonka na WAEC ko NECO a shafinka, ka tsaya ka gani da idonka ya hau. Ɗalibai da yawa a nan suke rasa gurbi: maki ya kai, kiredit ya cika, amma a kwamfutar JAMB har yanzu an rubuta ana jiran sakamako, saboda haka ba za a ɗauke su ba. Daga nan sai ka cika fom ɗin tantancewa na kwalejin, ka riƙa leƙa CAPS, shafin da JAMB take fitar da gurbin karatu a kai. In gurbi ya fito, sai ka danna amincewa da kanka, ka buga takardar shaidar shiga ta JAMB ka adana. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, ko da kana zaune a aji ana kiran sunanka, a wurin JAMB ba ka shiga ba, kuma sai ranar da ka zo neman ci gaba zuwa digiri matsalar za ta fito.

Ka kuma jera takardunka a tabarma ka karanta sunanka harafi da harafi: NIN, sakamakon sakandare, takardar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma. Idan a nan Muhammad ne, a can Mohammed, ko ranar haihuwa ta sha bamban, ka gyara yanzu. Gyaran da zai ci maka mako biyu yau, bayan ka kammala zai iya cin shekara.

Inda muke so ka fi natsuwa shi ne zaɓin darussa. A NCE yawanci darussa biyu ake haɗa wa mutum, kamar Lissafi da Fiziks, Turanci da Hausa, ko Larabci da Ilimin Addinin Musulunci, sai kuma kwasa-kwasan da suke tsaye su kaɗai kamar ilimin firamare da ilimin yara ƙanana. Yara da yawa sukan bar ma'aikacin kafe ya zaɓa musu, ko su bi inda aka ce ya fi sauƙi. To sai a fito a tarar mutum ɗari suna neman gurbi ɗaya, alhali ga makarantu nan suna neman malamin Lissafi ko Kimiyya ko Turanci ido rufe. Tunda kana da kiredit a Lissafi, in har kana jin daɗinsa, ka yi tunani a kai. Sannan abin da ka karanta a NCE shi zai yanke maka abin da za ka iya karantawa a digiri.

Karatun shekara uku ne. A shekara ta biyu za ka yi gwajin koyarwa a gaban ƴan ajinku, minti kaɗan, malami na zaune yana ba da maki. Sai ka ci wannan za a tura ka TP, wato ka je wata makaranta ka koyar na tsawon zango guda, malamanku suna zuwa ba sanarwa su zauna a bayan aji su duba littafin tsarin darasinka. Wanda ya faɗi TP ba ya samun takarda, komai kyan makinsa a sauran kwasa-kwasai. Abin da ya fi ka da ɗalibai ba rashin sanin darasi ba ne: shiga aji ba tare da rubutaccen tsari ba, juya wa yara baya ana ta magana da allo, da kuma fashi a ranar da mai dubawa ya zo.

Batun ɓata lokaci kuwa, lissafin a fili yake. NCE shekara uku, sai ka shiga jami'a ta hanyar DE, wato ka tsallake aji ɗaya ka fara a aji biyu, ka ƙara uku, shida ke nan, maimakon huɗu ga wanda ya shiga digiri kai tsaye. Amma a shekara ta uku kana da takardar da za ka ci abinci da ita, wanda ya zauna yana maimaita JAMB kuwa ba shi da komai a hannu. Sharaɗin kawai kada ka yi wasa da maki, don yawancin jami'o'i suna neman aƙalla C a manyan darussanka biyu. Ka kuma sani mai NCE ba ya zuwa bautar ƙasa, sai ya yi digiri. In kuɗin makaranta ne ya tsaya maka, asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024 yana ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa, har da na kwalejojin ilimi. Rance ne fa, za a biya.

Ina da digiri a Kemistiri, shekara huɗu ina koyarwa a makarantar kuɗi. An ce ba za a ɗauke ni aikin gwamnati ba sai da TRCN, na je an ce ban cancanci rajista ba. Me ya rage?
*Wata malama daga Barnawa*

Malama, digirinki ya nuna kin san Kemistiri, bai nuna an koya miki koyarwa ba, kuma TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista, takardar koyarwa take nema: NCE, ko digirin ilimi, ko PGDE. Abin da ya rage miki shi ne PGDE, difloma ce ta kusan shekara guda ga masu digiri, da kwasa-kwasan dabarun koyarwa, halayyar ɗalibi, auna fahimta, sai TP da ɗan bincike a ƙarshe. Ana yin ta a ABU Zariya, ana kuma yin ta a cibiyoyin NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, ga wanda ba zai iya barin aiki ba.

Da kin karɓi sakamako sai ki yi rajistar jarrabawar cancanta ta TRCN. A kwamfuta ake yi, tambayoyi ne na zaɓi, kuma an kasa masu zama rukuni huɗu: A masu digiri na uku, B na biyu, C na farko, D masu NCE. Ke kina C. Tambayoyin ba a kan Kemistiri ba ne, a kan aikin malanta ne, da Turanci, da ɗan lissafi da sanin kwamfuta, saboda haka kada ki shiga da gadarar shekarunki huɗu a aji. In kin ci za a ba ki takardar rajista da lasisi, shi lasisin ana sabunta shi lokaci-lokaci.

Ina da aure da ƴaƴa uku, ba zan iya komawa Zariya ko Gidan Waya ba. NCE ta NTI daidai take da ta kwaleji?
*Wata uwa daga Rigasa*

Daidai take a wurin ɗaukar aiki da rajistar TRCN. NTI cibiyar gwamnatin tarayya ce da aka kafa a 1976, kuma hedikwatarta ma a nan take, a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Ana ba da littattafai ki karanta a gida, a haɗu a cibiya a ƙarshen mako. Wahalar ita ce babu mai bin ki da bulala. Wadda ta ajiye littattafan sai mako biyu kafin jarrabawa za ta iya samun takardar, amma ranar da aka tsayar da ita gaban allo a ganawar ɗaukar aiki za a gane. Ki ware wa kanki awa ɗaya kullum, ko bayan asuba ko bayan yara sun kwanta. Kuɗi kuma ta shafin cibiyar kawai za ki biya, kada ki danƙa wa kowa a hannu.

Ɗiyata ta nace sai koyarwa. Ni kuwa ina ganin malaman unguwarmu, kullum cikin bashi. Tsakani da Allah, aikin nan yana riƙe mutum?
*Wani uba daga Kawo*

Alhaji, abin da ka gani gaskiya ne, ba za mu yi maka kwalliya ba. A aikin gwamnati mai NCE yana farawa a matakin albashi na 7, mai digiri a mataki na 8. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, Jihar Kaduna ta sanar da 72,000, to sabon malami ba ya yin nisa sosai da nan, ga kuɗin mota ga haya. Wanda aka tura nesa da gida, kuɗin zirga-zirga kaɗai kan cinye kaso mai tsoka. Akwai kuma bambancin da ya kamata ku sani: malaman firamare suna ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, albashinsu daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, malaman babbar sakandare kuwa hukumar kula da malamai ta jiha ce ke ɗaukar su. Shi ya sa in an yi ƙarin albashi ko ƙarin girma, ba lallai ya iso wa kowa lokaci guda ba. Makarantun kuɗi kuwa iri-iri ne. Ƙalilan suna biya fiye da gwamnati, da yawa daga cikin ƙananan na unguwa suna biyan abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, wasu ma ba sa biya a watan hutu, kuma babu fansho.

Aikin kansa ba ya ƙarewa da ƙararrawar tashi. Ajin da ke da yara tamanin ko ɗari, in ta ba da aikin gida, littafi tamanin ne za ta duba da jan biro a daren. Ga rubuta tsarin darasi, ga rajista, ga haɗa sakamako ƙarshen zango. Sannan sabon ma'aikaci inda ake da buƙata ake tura shi, galibi ƙauye, kuma bayan sace ɗaliban makaranta da aka yi a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun a Maris 2024, babu uban da za a ga laifinsa in ya tambayi inda za a kai ƴarsa.

A ɗaya ɓangaren, aiki ne mai tabbas in an shiga ta ƙofa, akwai fansho, akwai hutu sau uku a shekara, kuma lokacin tashi yana ba mace damar kula da gida ko riƙe ƴar sana'a. Dokar tarayya ta 2022 ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Hanyar ci gaba ma a buɗe take ga mai ƙara karatu: shugabancin makaranta, sashen duba makarantu, ko koyarwa a kwaleji in ta yi digiri na biyu. Mutanen Arewa ma ba baƙin wannan hanya ba ne, Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano da Shehu Shagari duk alli suka fara riƙewa.

Shawararmu, tunda ita ce ta nace ba tura ta aka yi ba, ka bar ta ta gwada kafin a kashe kuɗi. Ta samu wata makaranta ko Islamiyya a unguwa ta taimaka na wata biyu ko uku, a ba ta aji na gaske, ba yara biyar ba. In ta dawo gida a gajiye amma tana ba da labarin yaron da ya fara haɗa baƙi yau, to aikinta ne. In kuwa kullum agogo take kallo, gara a sani tun yanzu. Idan makinta ya kai, ta nemi digirin ilimi kai tsaye a ABU ko Jami'ar Jihar Kaduna (KASU), ta fara a mataki na 8.

Ana ta tsorata mu da jarrabawar da ake yi wa malamai a Kaduna. Kuma wani ya ce in kawo kuɗi zai samo mini takardar ɗaukar aiki.
*Mai NCE daga Kakuri*

Tsoron yana da tushe. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, 21,780 ba su kai kashi 75 da aka tsayar ba, aka sallame su. A 2022 an sake sallamar fiye da 2,000. An yi ta muhawara a kan adalcin yadda aka yi abin, ƙungiyar malamai ta NUT ma ta yi yajin aiki, amma abin da ya shafe ka shi ne a jihar nan takarda kaɗai ba ta tsare kujera. Ka samu littattafan firamare na aji huɗu zuwa shida, Turanci da Lissafi da Kimiyya, ka riƙa amsa tambayoyin da kanka da agogo a gefe. Ka saba da linzamin kwamfuta da buga rubutu, don mutane da dama sun san amsa amma lokaci ya ƙare musu suna neman inda za su danna.

Mai neman kuɗin nan kuwa ka rabu da shi. Idan za a ɗauki malamai, SUBEB ko hukumar malamai kan fitar da sanarwa, a cika fom a shafinsu, a yi jarrabawa, a yi ganawa. Takardar da aka saya a bayan fage takan tonu ne a ranar tantance ma'aikata, lokacin da za a nemi sunanka a ainihin jerin waɗanda aka ɗauka a rasa, ka yi asarar kuɗin, wataƙila kuma a miƙa ka ga ƴan sanda.