Tambaya da Amsa: Bayanin Manhajar Binciken Kasuwa da Wakilin AI

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da manhajar da ke nemo kaya a kasuwar intanet, mun haɗa ta da wakilin AI, wato AI mai iya kiran manhajoji da kansa don yin aiki, domin ya riƙa yi wa masu saye bincike. Yau ya kawo abin da aka nema, gobe ya kawo shirme. Ta yaya za mu gane ko bayanin da muka rubuta masa ne bai isa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wakilin ba ya ganin cikin manhajarku. A tsarin MCP, wato tsarin haɗa AI da manhajoji, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, abin da ya dogara da shi uku ne: sunan manhajar, bayaninta, da jerin guraben da zai cike, waɗanda ake tsarawa da JSON Schema, wato salon rubutu da ke fayyace irin bayanin da kowane gurbi ke karɓa. Duk abin da ba a faɗa a nan ba, cinta zai yi.

Don haka ku kwafe waɗannan ukun kaɗai a takarda, ku miƙa wa abokin aikin da bai taɓa taɓa manhajar ba, ku ce ya rubuta umarnin neman takalmin gudu wanda bai wuce dala 25 ba. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, to akwai giɓi a wurin.

Gurbin farashi ne ya fi jawo ɓarna. Manhajoji da yawa suna lissafi da ƙaramin kuɗi, wato santi, wanda ɗari nasa ke yin dala ɗaya, don haka dala 25 a wurinsu 2500 ce. Idan ba a faɗa ba, wakili zai rubuta 25, manhaja ta nemo takalmin santi 25, ba ta samu ba, shi kuma ya gaya wa mai saye babu kayan. Babu saƙon kuskure, babu abin da ya tsaya, shi ya sa irin wannan ke daɗewa ba a gano shi ba. Ku faɗi ma'aunin, ku faɗi nau'in kuɗin da haruffa ukun nan na ISO 4217, wato ƙa'idar duniya ta taƙaita sunayen kuɗaɗe, kamar USD ko EUR, ku kuma faɗa ko kuɗin kawowa yana cikin farashin.

Sai gurbin kalmomin bincike. Shin dole kowace kalma ta fito a sunan kayan, ko ɗaya ma ta wadatar? Idan dole ne, wakilin da ya zuba jimlar mai saye gaba ɗaya zai dawo hannu rabbana. Layi ɗaya ya isa magance wannan: a yi amfani da kalma biyu zuwa huɗu, launi da girma kuma a sa su a gurabensu. Guraben da zaɓinsu ƙayyadadde ne, kamar sabo ko na hannu, ku jera zaɓin duka a cikin tsarin, in ba haka ba zai ƙirƙiro nasa. Gurbin da aka bari fayau ma, a faɗi me manhajar ke ɗauka.

Abin da ke dawowa shi aka fi mantawa da shi. Idan sakamako 20 ake bayarwa a shafi, a sanar da shi cewa akwai saura da yadda zai nemi na gaba, kada ya duba ashirin ɗin farko ya ce ga mafi araha a kasuwa. Kuma a bambanta "ba a samu kaya ba" da "binciken bai yi ba". Kuskure mai lamba 429 ma'anarsa an yawaita buƙata, a jira, amma in an mayar masa da jerin da babu komai, zai ɗauka kayan ne suka ƙare.

Bayan gyara, ku rubuta buƙatu 20 zuwa 30 irin na masu saye, har da waɗanda bai kamata a kira manhajar a kansu ba, kamar tambayar inda oda ta kwana. Kowace a gwada ta sau uku aƙalla, domin amsar waɗannan wakilai takan sauya. Kada ku tsaya ga amsar ƙarshe. Ku karanta ainihin abin da ya cike a guraben.

Tambaya: An ce mana tsawon bayani yana rikita wakili. Gaskiya ne?

Amsa: Surutun talla ne ke rikita shi, irin su "bincike mafi inganci", wanda ba ya gaya masa komai kuma yana cinye wurin da yake riƙe zance. Jimla huɗu zuwa shida masu faɗin me manhajar ke yi, yaushe za a kira ta, yaushe ba za a kira ta ba, sai misali ɗaya, sun fi layi guda nesa ba kusa ba.

Tambaya: Mai sayarwa zai iya yaudarar wakili ta rubutun da ya sa a jikin kayansa?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Wani yakan rubuta umarni a bayanin kaya, kamar a ce a zaɓi nasa a bar sauran. Ku ware rubutun masu sayarwa a gurbinsa daban, ku faɗa a bayanin cewa ba umarni ba ne. Wannan yana rage haɗarin, bai kawar da shi ba, don haka kada manhajar bincike ta iya biyan kuɗi. Saye ya zama aiki daban wanda sai mutum ya amince.