Ga ƙanena da aka kira intabiyu a sashen zuba jari na asusun fansho

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce ka gama bautar ƙasa, tattalin arziki ka karanta, hukumar fansho ta wata jiha ta kira ka intabiyu a kan gurabe biyu, na ɗan sanin makamar aiki da na manazarcin zuba jari, kana son sanin abin da za a tambaye ka da yadda za ka shirya. Allah ya sa a dace. Na zauna a kujerar da za ka zauna, daga baya kuma aiki ya kai ni ɗaya ɓangaren teburin, ina cikin masu tambaya.

Intabiyuna na farko a wannan layi ban samu ba, kuma dalilin da ya kayar da ni shi ne yake kayar da yawancin samarin da nake gani yanzu. Na je na haddace farashin hannun jarin kasuwar Legas, na bankuna da na siminti da na masu fulawa. Mutum biyar ne a gabana. Ɗaya ya ce, in aka ba ka naira biliyan ɗaya yau, ina za ka sa ta? Na buɗe baki na yi ta jero kamfanoni. Da na gama, wani dattijo da ke ƙarshen tebur, wanda tun da na shiga bai ce uffan ba, ya cire tabarau ya ajiye a kan fayil ya ce, “Yaro, kuɗin wane ne? Yaushe zai zo karɓa?” Na yi shiru. Abin da ya fi yi mini ciwo a hanyar gida shi ne, a daidai lokacin mahaifina, malamin firamare ne da ya yi ritaya, yana jiran garatutinsa. Ni da kaina nake ɗaukarsa a babur zuwa wurin tantancewa, riƙe da baƙar leda mai ɗauke da takardar ɗaukarsa aiki da ta ƙarin girma ta ƙarshe, duk sun yi ja sun kusa rabewa a wurin ninki. Ina kallon tsofaffi a layi, wasu a zaune a ƙasa sun jingina da bango. Na san mai kuɗin, a gidanmu yake kwana, amma ban taɓa haɗa shi da lissafin da nake yi a takarda ba.

To in aka yi maka irin wannan tambaya, kada ka yi gaggawar ambaton kamfani. Fara da tambayarsu cikin ladabi: masu kuɗin nan matasa ne ko sun kusa ritaya, nawa ake fitarwa duk wata don biyan ’yan fansho, me doka ta yarda a saya, kuma har zuwa wane mizani. Wanda ya fara da haka, mu da ke tebur mun riga mun gyara zama.

Abu na gaba, san irin gidan da za ka shiga, don fansho a Najeriya ba iri ɗaya ba ne, kuma mutane da yawa suna cakuɗa su a gaban masu tambaya. Tsarin tarayya ya samo asali ne daga dokar gyaran fansho ta 2004, zamanin Obasanjo, aka sake ta a 2014. A ƙarƙashin ta 2014 ma’aikaci yana ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki aƙalla kashi 10, kuɗin ya shiga asusun ajiyar ma’aikacin na kansa. Kamfanonin da ake kira PFA su ke juya kuɗin, amma ba a hannunsu yake kwana ba, wasu kamfanonin ne daban, PFC, suke ajiye shi, PenCom kuma, wato hukumar fansho ta ƙasa, tana sa ido a kan duka. Kusan kullum ana tambayar dalilin raba mai juyawa da mai ajiyewa. Amsar a fili take: don kada hannu ɗaya ya yanke shawara kuma ya riƙe makulli. A wannan tsari, abin da ka tara da ribarsa shi ne naka. Amma wasu jihohi, irin su Jigawa da Kano, nasu daban ne: ana karɓar gudummawa daga albashi, ana tara ta a asusu guda, sannan a biya mai ritaya gwargwadon albashinsa da shekarun aikinsa. A nan alƙawari ne aka ɗauka, in jari bai yi kyau ba nauyin yana kan asusun da gwamnatin jihar. Manazarci a irin wannan gida dole idonsa ɗaya ya kasance a kan abin da ake bin asusun, yawan masu fita ritaya a shekaru biyar ko goma masu zuwa. Nemi dokar fanshon jihar da ta kira ka, ka karanta ta, ko da sashen zuba jari ne kawai. Da wuya ka ga ɗan takara ɗaya cikin taro da ya yi hakan.

Ko da hukumar jiha ce, za su so ka san rabe-raben asusun da PenCom ta fara a 2018. Asusu na ɗaya na masu son ɗaukar kasada ne, sai mutum ya nema. Na biyu shi ne na yawancin ma’aikatan da ba su kai 50 ba. Na uku na waɗanda suka kai 50. Na huɗu na masu ritaya. Daga baya aka ƙara na biyar don masu sana’ar kansu, da na shida marar ruwa. Ka’idojin zuba jarin suna shafin PenCom, sauke na baya-bayan nan, don ana sabunta su.

Yanzu ga inda nake so ka kashe mafi yawan lokacinka: takardun lamuni. A 2024 jimillar kuɗin fansho da ke ƙarƙashin PenCom ta haura naira tiriliyan 20, kuma fiye da rabinsu a takardun gwamnatin tarayya suke, wato takardun lamunin da ofishin kula da basussuka, DMO, ke fitarwa, da takardun baitulmali masu gajeren wa’adi. Aikinka na kullum can zai fi karkata, hannun jari kaɗan ne daga ciki. Tambayar da ba ta taɓa ɓacewa ita ce: in kuɗin ruwa ya tashi, me zai samu farashin takardar da muke riƙe da ita? Kada ka ce “zai faɗi” ka tsaya. Ka ce, a ce mun sayi takarda naira 1,000 tana biyan 120 a shekara. Gobe gwamnati ta fitar da sabuwa mai biyan 180 a kan dubu ɗayan. Wa zai sayi tamu a 1,000? Sai mun rage. Kuma in saura shekara 15 wa’adinta ya cika, ragin zai fi na wadda saura shekara 2 tsanani, don mai saye zai daɗe yana karɓar ƙaramin. In ka iya faɗin wannan da bakinka ba haddar littafi ba, ka wuce da yawa.

Sai hauhawar farashi, wanda a ganina shi ne babban abokin gabar ɗan fansho a ƙasar nan. A 2024 ya haura kashi 30 cikin ɗari, babban banki ya ɗaga ma’aunin ruwansa har 27.5 a ƙarshen shekarar, bayan an saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023. Ɗauki asusun da ya ci ribar kashi 15 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 30. A takarda ya ci riba. Raba 115 da 130, za ka ga abin da kuɗin ke iya saya ya ragu da sama da kashi 11. Buhun masarar da dattijon nan zai saya ne ya ƙanƙance. Shi ya sa “mu zuba komai a takardun gwamnati don babu haɗari” ba cikakkiyar amsa ba ce, kamar yadda jero kamfanoni ba amsa ba ce. Suna son ganin ka fahimci tsaka mai wuyar da suke ciki. Daren da za ka tafi, duba alkaluman da ake ciki: hauhawar farashi ta ƙarshe daga hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ma’aunin babban banki, da yadda gwanjon DMO na baya-bayan nan ya tashi.

Na san akwai abin da ke ranka ko da ba ka rubuta ba, batun haramcin kuɗin ruwa. Gaskiya ita ce babban ɓangaren aikin ya shafi takardu masu ruwa, kuma wannan magana ce da za ka zauna da malamin da ka amince da shi tun kafin ka karɓi takardar aiki. Amma ka sani akwai fage da ke buɗewa. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardar zuba jari marar ruwa, a 2017, naira biliyan 100, aka yi hanyoyi da shi a shiyyoyi shida na ƙasar, kuma tsarin ijara ne, mai takarda yana karɓar kuɗin haya. Wanda zai iya bayanin bambancin wannan da lamuni na ruwa yana da abin da ake nema, musamman a nan arewa.

Za a gwada amanarka, kuma ba wasa suke ba. Su kan ce, wani dillali ya aiko maka da rago da sallah, ko wani babba ya ce a ajiye kuɗi a wani banki alhali bai cika sharuɗɗa ba. Kada ka yi wa’azi, kada kuma ka yi cika baki. Ka ce za ka sanar da shugabanka da sashen bin ka’ida, za ka rubuta ra’ayinka da hujjarsa a takarda, shawara kuma ta kwamitin zuba jari ce. A asusun gwamnati matsin yana da yawa, don kuɗi ne masu yawa a kwance, kuma kowane mai mulki yana da aikin da yake son yi. Takarda ita ce garkuwar ƙaramin ma’aikaci.

Bambancin guraben biyu ba shi da wuyar faɗa. Ɗan sanin makamar aiki ana duba natsuwarsa ne da Excel, ko zai iya tsara alkaluma ba tare da kuskure ba, ko zai ce “ban sani ba, amma ga yadda zan nemo” maimakon ya yi kame-kame. Manazarci kuwa a shirye ka je da gwajin rubutu. Mu mukan ba da rahoton kuɗi na shekara na wani kamfani, mu ce a rubuta shafi ɗaya: mu saya ko kada mu saya, da dalili. Masu faɗuwa su kan cika shafin da yabon ribar kamfanin, su manta da bashinsa, da ko ribar ta zama tsabar kuɗi, da ko za mu iya sayar da hannun jarin in muna bukatar biyan mutane. In kana shirin jarrabawar CFA ta manazarta zuba jari, ko ICAN ta akantoci, ko ta dillalan hannun jari, faɗi matakin da kake da gaske. Kuma in na manazarcin bai samu ba aka ba ka na koyo, karɓa, da yawa daga cikinmu ta nan muka shiga.

Da suka ce ko kana da tambaya, tambaye su yaushe aka yi ƙididdigar ƙarshe ta abin da ake bin asusun, da kuma ko su ke juya kuɗin da kansu ko sun ba kamfanoni. Kaftani mai guga da hula sun wadatar, ka tafi da takardunka na asali da kwafi, ka isa da wuri. Kafin ranar, zaɓi kamfani ɗaya da ke kasuwar hannun jari, sauke rahotonsa, ka rubuta shafin nan ɗaya ka turo mini ta akwatin saƙo, in sha Allahu zan duba maka bayan isha’i.