Balangun da ya sha wuta, da naman da ya kwana

Yarona, ka tambaye ni wai balangu ya sha wuta ya bushe yayi tauri, zubarwa zaka yi ko akwai dabara, sannan ragowar da bata ƙare da daddare ba ya ake yi da ita. Toh ba'a zubar da nama don ya bushe, da kuɗi aka yanko shi a kwata, amma kar ka sake ka mayar dashi kan wayar gashi kana shafa mai kana tunanin zai dawo, ruwan jikinsa ne wuta ta matse ta fitar, man gyaɗa sheƙi kawai zai sa masa a ido, haƙori kuwa zai faɗa wa kwastoma gaskiya.

Fara ɗaukar wuƙa ka kankare duk inda yayi baƙi ƙirin, wannan ɗaci ne zalla, ko ka juye masa yaji kwano guda sai ya fito. Sai ka duba yadda zaren naman ya kwanta ka yanka shi a gicciye, siriri siriri, kar ka bi tsawon zaren, a nan yawancin yara suke kuskure shi yasa mutum zai yi ta tauna kamar an bashi igiya. Daga nan sai romo. Ƙashi zaka tafasa da albasa da citta da ɗan masoro, ka zuba naman a tukunya, romon ya ɗan taɓa shi kawai ba wai ya nutse ba, ka rufe ka tura gefen tukuba inda garwashi ya mutu, minti 10 zuwa 15 ya isa, kar ka bari ya tafasa. In ka sauke ka yanka ɗanyar albasa da tumatir, ɗan mai, sabon yaji, ka naɗe a takarda ya huce a ciki.

Amma fa ka san wane yanki ne a hannunka, ba duka suke karɓar gyara ba. Ƙirji da awaza da wuya da tozo suna da kitse da jijiya, in ka basu awa ɗaya zuwa biyu a ruwa kan wuta kaɗan jijiyar narkewa take, romon yayi kauri naman ya saki, ka samu farfesu kenan ko naman miya. Tsokar cinya kuwa bata da abin da zai narke, kana ƙara dafata tana ƙara bushewa, ita wannan hanyarta ɗaya ce, dambu.

Dambun nama ai dama busasshen abu ake nema, kaga wuta ta riga tayi maka rabin aiki. Ka ɗauraye tsohon yajin tukuna, don garin ƙuli saurin kamawa yake a mai ya ɓata maka launi. Ka dafa da albasa, tafarnuwa, citta, kanumfari, attaruhu da dunƙule har ruwan ya tsotse, ka daka a turmi tun da zafinsa ya warware zare zare, sannan ka soya da man gyaɗa a wuta mai sanyi kana juyawa ba tsayawa har ka daina ganin tururi, ka tsane man, ka baza a faranti ya huce sarai kafin ka rufe. In ya bushe da kyau sai yayi makonni, haka iyayenmu mata suke yi da naman layya tun kafin a san firij. Wanda aka yi da gasasshe ma ni yafi min daɗi saboda ƙamshin hayaƙin nan. Kilishi dai cire shi a ranka, ɗanyen nama ake feɗewa a shanya a rana a tsoma a labu, wato kwaɓin gyaɗa da kayan yaji, wanda ya riga ya gasu baya yi.

Maganar ragowa kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Masu kiwon lafiya sun ce dafaffen nama kar ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi, in kuma gari yayi zafi irin na Maris da Afrilu awa 1 ne. Kenan ko yana gefen wuta da zafinsa, ko yana firij, a firij ɗin ma kwana 3 zuwa 4, kuma in akwai wutar lantarki tsayayya ne. In an ɗauke ba janareta, a daren zaka dafa shi ka soya, kar ka ce sai da safe. Kuma kar ka ƙulle shi da zafi a leda, gumin nan ne yake sa shi tsami. Ɗumame sau ɗaya ne, zafin ya ratsa har tsakiya. In ka taɓa kaji yauƙi ko hancinka ya kama wani tsami tsami, zubar, ba dambu ba farfesu, akwai gubar da ko tafasa bata kashewa, kuma kar na kama ka kana rufe shi da yaji.

Mai kyan kuma masu shayi suna so, suna daddatsawa a ƙwai ko Indomie, ka faɗa musu na jiya ne ka rage kuɗi. Gobe in kaje ɗauko nama ka ce su haɗo maka da ƙashi, romon ka ɗora shi kafin ka fara jera tsire.